Tudun da na bari a banɗakin Hajiya

Shekarun baya, ina karatun injiniyan gini a ƙasar waje, a birnin Lyon, abokina ya kira ni daga wani gari da ake kira Aubervilliers. Mahaifiyarsa Hajiya za ta zo daga Maraɗi a yi mata aikin ido, ga shi ɗakin da yake haya a ƙarƙashin bene yake, daɓen banɗakin kuma duk ramuka. Tsoronsa ɗaya ne, kada tsohuwar da ba ta gani sosai ta yi tuntuɓe ta faɗi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai ga injiniya. Ban gaya masa cewa ban taɓa kwaɓa siminti ba sai a takarda.

Da na isa wurinsa, muka sayo buhu biyu na wani siminti da ake damawa ruwa-ruwa kamar koko, a zuba shi ya baje da kansa. Sharaɗinsa ɗaya, a jikin buhun ma an rubuta: in ka dama, ka zuba nan take, don ba ya jira.

Bokitin farko ya malale gwanin sha'awa, har na fara yi wa abokina lacca. Na dama na biyu ke nan muka ji sallama a matakala. Wani Alhaji ne, dattijon mutanenmu a unguwar, ya zo yi mana sannu da aiki. Abokina ya raɗa mini, "Zuba tukuna, don Allah." To ina zan iya juya wa dattijo baya? Na ajiye bokiti na durƙusa.

"Ina gajiya? Ya Lyon, ya sanyi? Mahaifinka Malam yana lafiya? Ina labarin gida Damagaram?"

Sai da ya tambayi gidanmu ɗaki-ɗaki, sannan ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a. Ina cewa amin, ina satar kallon bokiti. Kafin ya hau sama, kokon ya zama tuwo. Haka muka tura shi da ƙarfi, ya bushe ya bar wani ɗan tudu a gicciye, daidai gaban famfo. Babu sauran buhu, jirgin Hajiya kuma washegari. Na koma Lyon da kunya, kwana da kwanaki in waya ta yi ƙara sai in ɗauka za a ce mini Hajiya ta faɗi.

Bayan an yi mata aikin na je gaishe ta, idonta a naɗe. Ta ce, "Kai ne mai daɓen?" Na amsa a sanyaye.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. In ƙafata ta taɓa tudun nan, na san na iso famfo. Ni kaɗai nake alwalata, ba na tada kowa. Ashe har wannan ake koya muku a lakwal, makarantar taku ta boko."

Abokina ya fita waje don kada dariya ta kufce masa.

Yanzu gine-ginen da na sa wa hannu suna da yawa, kuma ba zan yarda leburana ya bar irin tudun nan ba. Amma ina kewar kwanakin nan, lokacin da ba mu da komai sai junanmu da buhu biyu. Hajiya ta rasu tana gaya wa mutanen Maraɗi cewa da gangan na yi mata shi, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin gyara mata zancen ba.