Malam Nasiru da Numfashin Safiya

Ina bakin kanal ina jiran a sako mana ruwan albasa aka bugo min waya cewa Malam Nasiru ya rasu a hatsarin mota, a hanyarsa ta dawowa daga Kano. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwan ya zo ya wuce ban buɗe wa gonata ba.

Marigayin ɗan Bunkure ne. Shi ke kula da injin hoton zuciya a wani babban asibiti a birni, wannan mai kama da tanki da ake tura mutum ciki. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma malaman ne suka fara gajiya. To amma abin da ya yi wa 'yata Safiya na gane shi sarai.

An haife ta da ciwon zuciya. Likitoci suka ce ba za su yi mata aiki ba sai sun ga hoto tsaf, hoton kuwa yana son a riƙe numfashi. Yarinyar da ko tsakar gida ta ratsa sai ta yi haki! Hoto ya yi ta fitowa dishi-dishi.

Aka bar ni in riƙe mata ƙafa. Duk lokacin da aka ce "riƙe numfashi", ita ta kasa, ni in riƙe, har jiri ya fara ɗibata. Sai muryar Malam Nasiru ta fito ta lasifika: "Baban Safiya, ba kai muke ɗauka ba. Shaƙi iska kada ka faɗi, gado ɗaya gare mu."

Ya fito ya tsuguna a gabanta. Ya ce zuciya kamar ƙwarya ce a kan ruwa, numfashi ya hau ta hau, ya sauka ta sauka, shi ke ɓata hoton. Ya ɗaura mata wata ɗamara a ciki mai gaya wa injin motsin numfashinta, don kada ya ɗauka sai ƙirjin ya koma mazauninsa.

"Kawu, ba zan riƙe ba?"

"A'a, 'yata. Yau injin ne zai jira ki."

Abin ya ja lokaci. Masu layi suka yi ta gunaguni, bai gaggauta ba. Hoto ya fito, aka yi aiki. Da na kai masa buhun albasa, guda biyu ya zaɓa, ya ce sauran in mayar gona su ƙarasa girma.

Ranar ta'aziyya Safiya ta kafe sai ta bi ni. Daga tasha har ƙofar gidansu ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ni ne a baya ina cewa ta jira tsoho.

Allah Ka jiƙan Malam Nasiru, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri. 'Ya'yan da ya bari kuma, Ka haɗa su da masu haƙuri da su. Amin.