Zuciyar Ragon Layya

Ranar Babbar Sallar bana ina gasa zuciyar rago a tsakar gida, ƙaurinta na dukan hancina, 'yata tana gefe tana bitar darasin Turanci. Wai Turawa suna da zuciyar dutse, suna da ta zinariya, har da wadda take narkewa. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Mu a gidanmu, can ƙasar Doguwa, in aka ce wane yana da zuciya, to ka matsa daga gabansa kawai.

Kakanmu mafarauci ne. Duk layya shi yake cire zuciyar ragon da hannunsa, ya gasa, ya barbaɗe ta da wani baƙin garin magani, ya miƙa wa Yaya, babban jikansa, wai don kada ya san tsoro. Ni sau ɗaya ya ba ni, ɗaci ya sa na tofar, ya ce ni da kaza uwarmu ɗaya. Inna ba ta son abin ko kaɗan. Takan durƙusa ta ce, "Baba, zuciyar yaron nan ta isa haka." Shi kuwa sai ya ce, "Namiji barkono ne, 'yar nan, sai an tauna."

To, mai karatu, an tauna kuwa. Wani rani aka buga gangar farauta, muka shiga daji, ciyawa ta bushe ƙayau, karnuka na haki. Ƙa'idar ita ce wanda karensa ya fara kamawa shi ke da nama. Karen Yaya ya danne zomo, sai ɗan Kawu ya riga shi ɗauka yana dariya. Taubasai ne fa, wasa ne na kullum, har kwano ɗaya suke ci. Amma a gaban samarin wasu garuruwa aka yi, aka kuwa saka ihu.

Na ga idon Yaya ya kaɗa ya yi jawur. Sai kawai ya sauke wa ɗan Kawu gora a tsakar ka. Har yau ina jin ƙarar, kamar an fasa ƙwarya. Jini ya rufe wa ɗan Kawu fuska, ya kai sara da barandami ba ya ko gani, ya sami Yaya a hannun dama, naman ya dare har fari ya bayyana. Suka zube tare cikin ƙaiƙayi, suna birgima suna shaƙe juna. Ni fitsari na saki a wando, ba zan ɓoye maka ba. Zomon kuwa kare ne ya gudu da shi.

Ɗan Kawu ya rayu, amma kunnensa ɗaya ya mutu, bai sake taka zaurenmu ba. Hannun Yaya ya shanye. Kaka bai ƙara zancen barkono ba har ya koma ga Allah, kuma na daɗe ina jin haushinsa.

Yanzu gangar ta yi shiru, samarin sun koma kan babura. Kowace shekara ni matsoracin nake yanka wa Yaya ragonsa. Bana da zuciyar ta gasu, ɗansa na fari ya miƙo hannu. Yaya ya tare shi da hagu, ya dube ni.

"Yayyanka ta ƙanana," in ji shi, "a zuba a miya, kowa ya samu kaɗan."