Sadakar Ruwan Baba

A shekararmu ta biyu a unguwar Abu Hail ta Dubai maigidana ya kamu da son sadaka. Mutumin da sai na tuna masa zakkar fidda-kai, sai ga shi duk mako yana sayen gorar ruwa ta waya, wai a kai wa mabukata. Na yi hamdala, na ce Dubai ta karɓe shi.

Lokacin mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, ko gaisuwa ban samu zuwa Kano ba. Sai na fara tsakurar kuɗin cefane ina miƙa masa: "Baban yara, a sa mini gora ɗaya da niyyar Baba." Ya karɓa, har da cewa Allah ya kai lada kabarinsa. Abin da ya ɗaure mini kai, sadakar tana bukatar lambobi. Ya tambayi ranakun haihuwar yara, na faɗa masa. Na ɗauka tsarin ƙasar ne, nan komai sai da lamba.

Maƙwabciyata, matar wani mai kago, masu aika kaya gida, ita ta wayar mini da kai. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, gora ɗaya da kuɗin katan guda? Dokar ƙasar nan ta hana caca, shi ya sa ba a sayar da tikiti. Ruwa kike saya, a jefa ki ƙuri'a kyauta."

Da na tare maigidan, bai musa ba. "Ai ruwan yana isa. Kuma da mun ci, masallaci zan gina wa Baba."

"Baban da ko ludo ba a yi a gidansa? Shi ka kai layin caca bayan ransa?"

Ya tashi ya shige ɗaki. Ni kuwa na daɗe ina istigfari, ina tunanin ko ɗigo ɗaya ya isa ga tsohon nan.

Daga baya gwamnati ta dakatar da masu gorar, ta kafa hukuma, ta ba da lasisin yin abin a fili. Maigidan ya shigo da fara'a: "Khalas, shi ke nan, yanzu doka ta yarda." Na ce, "Madalla, ruwa ya huta. Ka adana lasisin da kyau, ka nuna shi ranar tambaya."

Tun daga nan duk Juma'a katan ɗin ruwa nake saya a kantin ƙasan bene. Maigidan nake ɗora wa, mu kai wa leburorin da ke jiran bas cikin rana. Ina tsaye suke shanyewa, in yi wa Baba addu'a. Har yau ba wanda ya tambaye ni lamba.