Jan ƙyallen Masta Idirisu

Da safen nan Seidu ya kira ni. Wai yayansa Masta Idirisu, makaniken da ke bayan kasuwar Mamobi, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku zage ni. Kafin bakina ya gama salati, zuciyata ta ce: to kawunan injina fa?

Mutum ya mutu, ni ina tunanin ƙarfe.

Trotro ɗina, motar hayar da nake ja, ta daɗe a ajiye, kan injinta ya tsage. Wani mai sayar da kayan mota a Abossey Okai ya ba ni sababbi biyu, na Dubai da na China, in zaɓi ɗaya in mayar da ɗaya. A ido duk iri guda ne. Sai na kai wa Masta.

Wanda ya san shagonsa ya san akwatin nan da ya haɗa da tsohon injin shara mai zuƙar ƙura. Zai ɗora kan inji bisa akwatin, akwatin ya zuƙi iska ta ramukan kan, shi kuma ya zuba wa wani siririn tiyo ido ya ga inda ruwa zai tsaya. Ruwan ma da sobolo, wato zoɓo, yake rina shi don ya gani da kyau. Mun sha yi masa tsiya, wai Masta na shayar da inji sobolo. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Cutar asma ta daɗe tana wahalar da shi. Duk da haka in motata ta mutu a hanyar Kanda, kira ɗaya ya iso.

Ran Litinin na same shi a kan benci, yana numfashi da kyar. Ban ce masa sannu ba. Cewa na yi, "Masta, kana ɓata min lokaci fa."

Ya ce, "Awudu, yi haƙuri small. Inji ma numfashi ne, kamar ni da kai. Wanda ya fi shaƙa shi zan ba ka."

Ɗazu da muka dawo daga maƙabarta, matarsa Mma Adiza ta sa aka kira ni. Ta nuna min kawunan biyu a bakin ƙofa, ɗaya ɗaure da jan ƙyalle.

Ta ce, "Jiya na hana shi fita, ya ƙi. Ya ce motar Awudu ba ya aiki, yaran shi za su ci me? Ya ce in ka zo, mai ƙyalle ne naka."

Wallahi na kasa ɗaga ido in dube ta. Kunya ta hana ni ko godiya.

Allah Ya gafarta maka, Masta. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka numfashin da ka rasa a duniya. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a don Allah. Ni kuma ku roƙa min Allah Ya yafe min sannun da ban yi masa ba.