Jinyar Inna a Hannun 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka har na kai shekara talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Haka abin yake a wurinmu. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna damuwa a kansa ko da cikinta yana ƙuna. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta goya ni daga Turba zuwa Sabon Birni. Can na tashi, can na yi karatu, can nake koyarwa a firamare har yau. In na je Turba gaisuwa, Inna takan dubi ƙanwata ta ce, "A ba waccan ruwa." Ni ce waccan. Abin bai taɓa ci mini rai ba sai shekarar da ciwo ya kama ta.

Ƙulli ne ya fito mata a nonon hagu. Ƙanwata ta sani, Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ta sani, har maƙwabta sun sani. Wata bakwai ana shan sassaƙe, ana shafa dakakken ganye, ni kaɗai ce ba a gaya wa ba, wai ba maganar da za a yi da 'yar fari ba ce. Gwaggo kuwa ta riga ta yanke hukunci: wannan ciwon daji ne, daji kuma ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu jiki duka. Sai ranar da ƙanwata ta zo awon ciki Sabon Birni maganar ta suɓuce mata. Ina da zuciya, kowa ya san ni da ita, ranar kuwa na sauke mata kwandon faɗa har ta yi kuka, ga ta da tsohon ciki. Daga baya na ba ta haƙuri.

Mahaifinmu ya rasu, ƙannena maza suna ci-rani a kudu, ƙanwata haihuwa ko yau ko gobe. Babu mai kai Inna Sakkwato sai ni. Muka shiga mota da sassafe ta hanyar Goronyo, a shekarun da ba ka shiga hanyar nan sai ka yi sallama da mutanen gida kamar ba za ka dawo ba. Direba ya kashe rediyo, ba mai tari, kowa idonsa na kan daji. Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, kafaɗata a manne da ta Inna. A iya tunawata, ranar ce jikina ya fara taɓa nata.

A sashen masu ciwon daji na babban asibiti aka ɗebi ɗan nama daga ƙullin da allura, aka kai ɗakin gwaji. Wurin ya ɗan tasa kwana biyu, likita ta ce haka yake yi, amma na ga Inna tana taɓa shi tana girgiza kai. Maganar Gwaggo ce take tabbatarwa a ranta. Bayan kwana goma sakamako ya fito. Likitar Bayarabiya ce haifaffiyar Sakkwato, Hausarta ta fi tawa kauri. Ba ta yi mana kwana-kwana ba. Daji ne, in ji ta, amma hoto ya nuna bai kai huhu ko hanta ba. Za a cire nonon, daga baya a riƙa ƙarin ruwan magani. In aka bar shi wata biyu ko uku, maganar da za ta gaya mana daban ce. Aka ba mu gado ranar Alhamis, aka sa aiki ranar Laraba. Abu ɗaya ya rage, Inna ta dangwala yatsa a takardar amincewa.

Jinyar wadda ba ta yi maka magana aiki ne. Allah ya taimake mu da tsohuwar gadon kusa, mutuniyar wajen Maraɗi, wadda aka riga aka yi wa irin aikin. Inna takan juya gare ta ta ce, "Hajiya, hwaɗa ma waccan ta kawo buta." Tsohuwa ta ce, "Ga ki ga ta, ni kunka mai da tarho?" Amma takan faɗa ɗin. Ta bakinta nake jin ko Inna ta ƙoshi, ko wurin yana zogi. Ranar Litinin aka sallame ta, ta tafi ta bar mu mu biyu, da gado da kujerar roba.

Ranar Talata bayan azahar na sauka sayen kunu. Da na dawo sai na tarar Inna ta ɗaure kayanta a zani, ta yafa mayafi, ta sa takalmi, tana zaune bakin gado. Wayata da na bari a caji tana kan matashi. Na duba, Gwaggo ce ta kira. Na ajiye kunun.

Inna ta dubi bango ta ce, "Gida za ni. An hwara girbi, kuma yarinya na kan haihuwa ba kowa kusa."

Na san in ta taka Turba ba mai sake fito da ita. Gwaggo na can, masu sassaƙe na can, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba. Na ruga na kira likita.

Likita ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni, ita kuwa tun ranar farko da ta ga tsagar Gobir a kumatun Inna ta samu abin yi. Ta ce, "Baiwata, ina za ki ban sallame ki ba? Ke da wanzami ya yi ma zane goma sha ukku da aska kina kwana bakwai duniya, yau ke ce mai tsoron ƙarhe?" Inna ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Bayarabe dai bawa na, ko ya yi boko." Na ji sanyi a raina, na ce an gama. Amma hannunta bai bar kan ƙullin kayan ba.

Likita ta ja ni waje. Fara'ar nan duk ta tafi. Ta ce ba a yi wa mutum aiki dole, kuma ƙarfe huɗu ake rufe jerin masu shiga gobe. In ba yatsa a takarda, wata za a ba gadon, masu jira suna da yawa. Ta ce, "Ke ce ɗiyarta. Ki yi mata magana." Na dubi agogon bango, uku saura kwata. Na tsaya gaban yara sittin na yi magana, na yi faɗa da hedimasta, amma ban san yadda ake buɗe baki a yi wa Inna magana ba.

Na koma. Na wuce kujerar roba na zauna a kan gadon, kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba. Ta matsa. Na matsa.

Na ce, "Inna, dube ni."

Ba ta duba ba.

Na ce, "Hajiyar Maraɗi ƙarhe ya taɓa ta, da ƙahwarta ta tahi gida, kin gani da idonki. Ba ƙarhe kike tsoro ba. Mi na na?"

Ana tura wata a keke a baranda, tayar tana ƙara. Uku da minti goma. Can Inna ta yi magana, da bango dai, murya ƙasa-ƙasa.

"In anka yanke, hannu ba ya ɗaguwa, na ga Hajiya. Wa za ya yi mani wanka? Wa za ya kai ni bayi?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Rabona da yi ma waccan wanka tun tana wata ashirin. Ban san zazzaɓinta ba, ban taɓa yi mata kitso ba. Da wane ido za ni tuɓe gabanta ta wanke ni? Gara in tahi gida, abin da Allah ya rubuta shi za ya samu."

Wallahi sai na ji zuciyata ta taso, tausayi da haushi a haɗe, ban san wanda ya fi ba. Ashe duk kwanakin nan wannan ne ke cinta. Na manta a asibiti nake, na ce, "Nonon ga ni na hwara shan shi, duk ɗakinmu ba wanda ya riga ni. Kin ba da ni don kunya, ban ce komi ba. An ɓoye mani ciwonki wata bakwai don kunya, na haɗiye. Yanzu kuma ranki za ki ba da don kunya? Wannan kam ban yarda ba, Inna. In kin tahi, ni kinka bari da baƙin cikin har in mutu."

Na kai hannu na kama ƙullin kayan zan kwance. Ta riƙe mini wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi, irin na mai daka. Ba ta ture ni ba, ba ta kuma sake ni ba. Muka zauna a haka, ina jin bugun jinina a ƙarƙashin yatsunta. Huɗu saura minti ashirin nas ta leƙo da takarda da tawada, ta tsaya bakin ƙofa. Inna ta saki hannuna. Fuskarta na kallon bango ta miƙa babban yatsa.

Da safiyar Laraba aka tura ta a gado mai taya, ina biye da mayafinta da takalmanta a hannu. A ƙofar ɗakin aiki wata nas ce daban, ba ta san mu ba. Ta duƙa kan Inna tana cike takarda, ta tambayi sunanta, Inna ta faɗa. Nas ta ce, "In anka ƙare, wa za mu kira? Mi sunan mai jinyarki?" Na buɗe baki zan amsa, in raba Inna da nauyi. Sai na ji ta riga ni.

Ba laƙabin da kakata ta sa mini ta faɗa ba, wanda duk Sabon Birni ke kirana da shi. Sunana na yanka ta faɗa, a hankali, tiryan-tiryan, kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Ta ƙara da cewa, "Ɗiyata ta. Ta hwari." Aka tura gadon, ƙofa ta rufe. Na zauna a ƙasa a barandar nan, da takalmanta a cinyata, na yi kukan da ban yi ba tun mutuwar kakata.

An yi aiki lafiya. Ni na yi mata wanka sati shida, ni na riƙe mata tasa duk lokacin da ruwan magani ya tayar mata da zuciya, ni na share gashinta da ya zube a kan matashi. Yanzu shekara uku ke nan, tana Turba, tana kiwon awakinta, duk wata shida muna komawa a duba ta. Gwaggo ta ce sassaƙen ne ya yi aiki daga baya, na bar ta da ta cewa.

Wancan makon na je gaisuwa. Ina sallama Inna ta dubi ƙanwata ta ce, "A ba waccan ruwa." Na karɓi kwanon na sha. Na riga na ji abin da nake son ji a ƙofar ɗakin aikin nan.