Furannin da Yayana Ya Tsinke

Ƙwaya huɗu kacal suka rage wa Inna daga irin kabewar da ta gada a wajen mahaifiyarta. Sauran ɓera ya cinye su a cikin tulun ajiya, a shekarar da na gama sakandare. Kabewar nan ba irin ta kasuwar Ɗanbatta ba ce. Gajera ce mai faɗi, cikinta ja kamar manja, in ta shiga miyar taushe har maƙwabta sai sun sani. Kakata ce ta zo da ita daga ƙauyensu can wajen Shanono, kuma tun da ta rasu babu mai irin sai mu. Inna ta shuka huɗun a bayan ɗakinta, biyu suka fito. Ta kewaye su da ƙaya, tana leƙa su fiye da yadda take leƙa ni in ina zazzaɓi.

A daminar nan ce yayana ya dawo daga wani horo na kwana uku kan noman zamani. An ba shi hula hana-salla da jaka da takardar shaida. Kwana uku fa! Ni shekara uku na yi ina zana fure a aji ina sa wa kowane sashe suna, ko goro ba a taɓa ba ni ba. Shi kuwa tun daga ranar ko tsintsiya ya gani sai ya yi mata bayani.

Da kabewar ta yaɗu ta fara fure, ya tara mu a gindinta. Ya ce saiwa ce ke jawo ruwa da abinci daga ƙasa, kara ya kai su sama, ganye ya dafa su da hasken rana. Gaskiya ne, ɗan aji huɗu na firamare ma ya sani. Sai ya ɗaga wani fure mai dogon siririn wuya.

"Inna, kin ga wannan? Babu 'yar kabewa a gindinsa. Cima-zaune ne, abincin shuka kawai yake sha. Masu ƙullutun nan a ƙasa su ne na haihuwa. A cire na banza, ƙarfin ya tafi wajen masu amfani."

Inna ta ce, "Allah Ya ƙara basira." Ita da ta shekara talatin tana shuka kabewa ba ta taɓa tsinke fure ko ɗaya ba.

Ban taɓa ganin yayana ya dage a kan aiki irin wannan ba. Mutumin da sai an yi masa kira uku yake fita gona, kullum daga masallacin asuba sai bayan ɗakin Inna. Ya tsinke waɗanda suka buɗe, ya bi waɗanda ba su buɗe ba ma ya tsinke, ya watsa wa akuya. 'Yan kabewar kuwa sai su kai kamar ƙwan kaza, su yi rawaya, su yanƙwane, su faɗo. Shi ya ce taki ne bai isa ba. Inna ta ce kambun baka ne, ta rataye tsohon takalmi a jikin danga. Takalmin ya sha ruwan sama iya shansa, kabewa ta ci gaba da zubewa.

Ranar da ta goma sha ɗaya ta faɗo na kasa haƙuri. Baba na kan tabarma yana shan koko, yayana na gefe da hularsa.

Na ce, "Furen da kake tsinkewa namiji ne. Garin nan mai rawaya da ke cikinsa shi ƙudan zuma ke ɗauka ya kai cikin macen. In bai shiga ba, ba za ta ɗauki komai ba. Ka kashe mazan duka kana jiran haihuwa. Akuyar ma sai an kai ta wajen bunsuru."

Baba ya ajiye ludayi, ya tashi ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. Inna ta kai mini duka da marfin kwano.

"La ilaha illallahu! A gaban ubanki? Abin da ake koya muku ke nan a bokon? Rufe min baki, mara kunya!"

Yayana ya gyara hula. "Bar ta, Inna. Karatun takarda daban, aiki a fili daban."

Na rantse a raina ba zan ƙara cewa uffan a kan kabewar nan ba. Amma ban rantse cewa ba zan yi komai ba. A can ƙarshen gari akwai wani dattijo mai kabewa a bakin gonarsa, irin dogayen nan farare marasa ɗanɗano. Washegari da sassafe na ɗauki bokiti kamar zan je rijiya, na tsinko maza uku na ɓoye a hijabi. Na jira yayana ya gama ɓarnarsa ya tafi. Mata biyu ne suka buɗe a ranar. Na yage fatar furen namijin, na goga tsinken garin a tsakiyar kowacce, ina waige-waige kamar mai satar kaza.

Duk biyun suka kama. Cikin mako guda suka wuce kan jariri. Yayana ya ce takinsa ne, Inna ta ce takalminta ne. Ni na ci gaba da wanke-wankena.

Bayan kwana biyar yayana ya tafi Kano neman aiki da takardar shaidarsa. Da babu mai tsinkewa, mazan suka dawo, ƙudan zuma suka dawo, wata ta uku ta kama da kanta a ƙarshen damina. Ƙarama ce, karkatacciya, ruwa bai ishe ta ba. Amma ita kaɗai ce uwa da uba duk na kakata. Manyan biyun nan, a ido da a baki na kakata ne sak, sai dai 'ya'yan da ke cikinsu rabi na dattijon ne. Wannan ma an koya mana, kuma ban manta ba.

Da kaka yayana ya dawo ba aikin, ya tarar ana fasa kabewa. Ya ce a noman zamani daga mafi girma ake ɗibar iri. Inna ta wanke 'ya'yan manyan ta shanya a faifai. Ƙaramar ta yanka a miya, ta kwashe cikinta ta watsa wa kaji. Ina tsaye ina riƙe da turmi. Kalma biyar ta isa in hana ta. Amma in na buɗe baki dole in faɗi inda na samo furen, dole in sake maganar namiji da mace, kuma har lokacin ina jin zafin marfin kwanon. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, na tsaya ina kallon kaji suna tsattsaga.

Damina ta zagayo, Inna ta shuka irinta. Ba wanda ya taɓa fure a wannan karon, don yayana ya koma maganar kiwon kifi. Kabewa ta yi 'ya'ya da yawa, wasu dogaye, wasu masu wuya, cikinsu fari-fari. Inna ta zaɓi wadda ta fi kama da ta da, ta yi taushe. Ta ɗanɗana, ta ƙara daddawa, ta sake ɗanɗanawa. Sai ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, muciya a hannu.

Ta ce, "Wannan ba ta innata ba ce."

Yayana ya ce ƙasa ce ta gaji, ya kamata a auna ta. Ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Inna ba ta ci ba. Ni na ci, don yunwa nake ji, kuma miyar ruwa ce tsararo.