Tseren da ya bi ta garin Kawu

Tun ranar da ƙanena ya shigo gida yana washe baki, wai an sa shi cikin ƴan tseren moto, na ce mishi ban yarda ba. Magidanci guda, da kabu-kabu yake ciyar da mata da ƴaƴa, ya kwashi ƙafafunshi ya kai wurin wasa? Ya ce, "Yaya, ke komi sai kin sa baki." Na ce, "Zan sa. In ka karye wa zai hau moton, ni?"

A shekarun nan ba wanda zai ji ƙarar moto da yawa hankalinshi ya kwanta. Mulki ya sauya a Yamai, kowa na magana ƙasa-ƙasa, ga ɓarayin shanu na ƙetarowa daga kudu bisa moto, fuska a naɗe. Turawan da ke tseren mota cikin hamada, waɗanda muke gani a tele muna yara, sun daɗe da ɗauke ƙafa. Abin nan ne ya tsaya wa wata ƙungiyar masu wasan moto a rai. Suka aiko mana wakili Tasawa, wani mai tumbi da baƙin tabarau, ya tara komiti, ya ce za a yi tsere a nuna wa duniya ƙasa lafiya lau take. Duniya! Yo wace duniya ce ke leƙen Tasawa?

Gaskiya dattawan komiti sun yi abin da ya kamata. Duk garin da tseren zai ratsa an kai wa mai gari goro, shi kuma ya sa sanƙira ya yi shela: ran kaza ƴan moto za su wuce, wasa ne, kowa ya kama ɗanshi da akuyarshi. Haka ake yi tun kakanni, ko kokowa za a yi.

Da safen tseren ina filin tashi, ni da matar ƙanena. Sai jandarmomi suka zo suka ce hanyar da aka shirya ba ta biyuwa, an ga abin da ba a gane ba. Dattawa suka ce a ɗaga. Wakili ya ce ina! Ƴan tele sun zo daga Maraɗi, manyan baƙi na zaune a rumfa, an riga an zuba esansi, man moto, cikin tankuna. Ya duba taswira cikin wayarshi, ya samo wata hanyar amalanke da ke zagayawa ta gefen Korgom. Wani tsoho ya ce mishi garuruwan can ba a kai musu goro ba. Ya amsa mishi da Faransanci, wai ai yana da izini daga sama. Kaske, hular kwano, ma bai ishi kowa ba, sauran suka naɗe fuska da rawani saboda ƙurar na gaba.

Da na ji hanyar da za a bi, na gane garin da za ta ratsa. Garin su Inna ne, mahaifiyarmu. Na riƙe kan moton ƙanena na ce, "Ka sauka. Ka san yadda suke yanzu." Ya yi dariya ta cikin rawani. "Garin Kawu? Can ai ruwa za su ba ni in sha." Ya ɓamɓare hannuna ya ja.

Sauran labarin ba ni aka yi. Mutanen garin sun yi shiri tun da aka kwashe shanun maƙwabtansu: in aka ji moto da yawa, a buga ƙarfe, mata da yara su faɗa daji, maza su fito da abin da suke da shi. Aka buga ƙarfe. Kawu, yayan Inna, tsohon mafarauci ne, ya laɓe bayan rumbu da bindigarshi adaka. Ƙanena kuwa shi ke gaba, ya matsa wuta don ya shiga garin kawunshi shi ne na ɗaya. Kawu ya auna ƙasa, don ko ɓarawo bai so ya kashe, ya saki. Mai moton ya faɗi. Kawu da hannunshi ya warware rawanin, sai ga ɗan ƙanwarshi.

A amalanke aka fito da shi, mota ta kawo shi likita Tasawa, daga nan sai Maraɗi. Can suka yanke ƙafar daga gwiwa.

Tseren kuwa an ƙarasa shi. Wallahi an ƙarasa, har da ba da kofi da tafi. Wakili ya zo dubiya da lemu cikin leda, yana cewa tsautsayi ne, tsautsayi ba ya wuce ranarshi. Na bi shi har bakin ƙofa. Abin da na faɗa mishi ba zan rubuta ba, sai da malaman likita suka riƙe ni. Har yau in na tuna shi sai in ji ɗaci a bakina.

Kawu ya biyo mu Maraɗi. Bai taɓa shiga ɗakin ba. Kullum yana ƙarƙashin wani icen bedi a waje, ya haɗa kai da gwiwa. Inna ta kai wa ɗanta kunu, ta fito ta kai wa yayanta ragowar. Ni na kasa gaishe shi, kuma na rasa laifin da zan ɗora mishi. Wannan ya fi komi cina.

Ranar da aka sallame mu, mota ta tsaya bakin lungunmu, ba ta shiga. Sandunan dogarawa da aka yi alkawari ba su zo ba. Muna ta shawarar yadda za a yi, sai Kawu ya zo ya durƙusa bakin motar, ya ba ƙanena baya. Tsoho da furfura. Ƙanena ya daɗe yana kallon bayan nan, sannan ya kama kafaɗunshi.

Sun yi rabin lungu ya ce, "Kawu, sauke ni, ina da nauyi."

Kawu ya ce, "Ba ka da nauyi, ɗana."

Sai Kawu ya ji abin da ya faɗa, ya tuna ƙafar da babu. Ya tsaya cik tsakiyar hanya, da yaron ƙanwarshi a baya. Ni da Inna muka tallafe su har cikin zaure.